Saura Ɗaya Bai Danna Ba

...na ce ku fito, ku fito duka! Matar direba, ajiye bokitin nan, famfo ba gudu zai yi ba. Mai wanki, sauke dutsen gugar kafin ka ƙona wa mutane riga. Kai mai shago, ina ganin ƙafarka ta ƙarƙashin labule, fito! Ba kai ne ka ce kafin ƙanwata ta gama cewa "wuƙa" mara lafiya ya gaji ya tashi ya tafi gida ba? A kan bencin nan ka faɗa, kowa ya yi dariya har da buga cinya. To yau ni ke da magana, kuma ba mai katse ni.

Inna, share hawayen nan ki zauna a kujerata. Ai ba mutuwa aka yi ba.

Ke sabuwar 'yar haya, na ga kina raba ido, ba ki san kan zancen ba. Matso kusa, dominki zan faro daga tushe. Waɗannan sun sani, sai dai su yi kamar ba su sani ba.

Ni mai faci ne, rumfata ce a bakin titi gab da mahaɗa. Firamare ma da ƙyar na kai ƙarshenta, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Kaina bai ɗauki allo da alli ba, hannuna ya ɗauki aiki, shi ke nan. Ƙanwata ita ce mai boko. Kumfa muke ce mata, kuma a rumfata ta samo sunan. Tana 'yar mitsitsiya, in ta taso makaranta sai ta zo ta tsugunna gaban bahon ruwa. In buga wa tiyub iska in miƙa mata, ta dulmiya shi tana juyawa a hankali, tana neman inda yake yoyo. Da ta ga ruwa ya fara tsatsafo sai ta kwarma ihu, "Kumfa!" Direbobi har zuwa suke yi don su ji.

Amma tana da in'ina, mai tsanani kuwa. In ta tsaya gaban mutum ya tsare ta da ido, sai kalma ta maƙale mata a wuya. Ka ga jijiya ta tashi, ido ya yi ja, leɓe na rawa, maganar ta ƙi fita. A tsakar gidan nan akwai waɗanda suka sa mata Sai-anjima. Ban kama suna ba, matar direba, me ya sa kika sunkuyar da kai?

Abin da kowa a ɗakinmu ya sani shi ne, in hannunta na cikin aiki bakinta sakewa yake. A gaban bahon nan sai ta ba ni labarin aji tun daga fari har ƙarshe, tuntuɓe kaɗan ne. Tana tsefe wa Inna kai tana zuba kamar rediyo. Amma ka ce ta tsaya ƙiƙam ta amsa maka tambaya, ka kashe ta.

Haka ta yi karatun. Duk jarrabawar rubutu ta wuce, duk ta baki ta sha wuya ta tsallake da ƙyar. Ta zama likita, muka ce to an huta. Sai ta zo ta ce ita tiyata za ta koya. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "'Yar nan, ki nemi inda ba hayaniya mana." Ta ce a'a. Wannan kalmar kam ba ta taɓa maƙale mata ba.

A babban asibitin da suke koyo akwai shugabansu, Farfesa suke ce masa. Dattijo ne siriri mai farin gira. An ce hannunsa ba ya rawa, kuma ban musa ba, mutane da yawa suna yawo a garin nan saboda shi. Amma yana da wata ɗabi'a. Kullum da safe in ana zagayen marasa lafiya, masu koyo su jeru a bakin gado, kowa hannu a baya kamar soja. Ya nuna ka da biro, ya jefo tambaya, ka amsa kafin ya sauke biron. Ba ka amsa ba, ya wuce na gaba. Ku duba fa: hannu a baya, ido a kanta. Duk abin da ke ɗaure mata harshe an haɗa mata wuri ɗaya. Ta san amsar, tana nan a kan leɓenta, biro ya wuce.

Rannan ta dawo ko takalmi ba ta cire ba ta zauna a bakin gado. Na ce lafiya? Sai da na miƙa mata tsohuwar fitila ta riƙa kwance murfin tana ɗaurawa sannan maganar ta fito. Farfesa ya kira ta ofis. Ya ce ba ƙinta yake ba, amma a ɗakin tiyata in jini ya ɓalle ba a jiran mai magana. Ya ce in wannan zangon ya ƙare zai sa a mayar da ita ɗakin gwaje-gwaje, inda za ta zauna ita da madubin likita, ba mai tambayarta komai. Ke nan wuƙar da ta yi shekaru tana bi, a raba ta da ita.

Na ce, "Gobe zan je in same shi."

Ta ce, "Ka... ka je ka ce masa me, Yaya? Ka yi masa faci?"

Ana cikin haka wata malamarsu ta zo da sabon abu. Likita ce ita ma, gajeriya mai saurin tafiya. Ta kawo wasu 'yan na'urori cikin kwando, kamar rimot ɗin talbijin, masu maɓalli 'yan kaɗan. In za a shiga ɗakin darasi kowa ya ɗauki ɗaya a bakin ƙofa. A haska labarin mara lafiya a farin bango, da amsoshi a jere: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Kowa ya danna wadda ya yarda da ita. In duk an danna, sai sanduna su fito a bangon, wadda aka fi zaɓa ta fi tsawo. Ba suna, ba wanda ya san me wani ya danna. Malamar ta ce da gangan ta yi haka, don matsoraci ya daina bin bakin manya, ita kuma ta ga abin da ke kawunansu da gaske, ba abin da baki biyu uku suka faɗa ba. In amsa ta rabu, sai ta ce kowa ya juya ga na kusa da shi su yi gardama, sannan a sake dannawa.

Wayyo, ku ga Kumfa a kwanakin nan! Ta dawo tana tsalle kamar yarinya. "Yaya, yau na amsa duka! Ba wanda ya jira ni!" Har ta ce abokan karatunta sun fara rige-rigen zama kusa da ita, don in aka ce a juya a yi gardama, da na'urar a hannunta tana murzawa, maganarta fita take.

Ni dai akwai abin da ya tsaya mini. Na ce, "To shi Farfesan ya san ke ce kike amsawa?"

Dariyar ta tsaya. Ta ce, "Ba... ba suna a jiki."

Kun gani? Abin da ya ba ta baki shi ne kuma ya rufe mata fuska. Sanda ta yi tsawo a bango, amma sanda ba ta ce ni ta wance ce ba. Da safe kuma a koma bakin gado, hannu a baya, biro ya wuce. Zango kuwa na ta ƙarewa.

Yanzu ga ranar da nake son ku ji. Mai shago, kar ka tafi, ba mai sayen komai yanzu.

Hannun gilashinta ya karye, na karɓa na ɗaure mata shi da siririyar waya. Da safe ta fita a gaggauce ta manta shi a kan taga. Inna ta ce, "Yarinyar nan ba ta ganin nesa in ba shi, bi ta." Na wanke hannu, na saka rigata mai kyau, na tafi. Na yi ta tambaya har aka nuna mini ɗakin darasin a hawa na sama. Mutane na ta turuwa ciki. Wata ma'aikaciya na tsaye a ƙofa da kwando, ko ɗago kai ba ta yi, duk hannun da ya zo sai ta cusa masa na'ura. Na buɗe baki zan ce saƙo na kawo, ta cusa mini tawa ta ce, "Wuce, wuce, kana tare hanya." Sai ga ni ciki, an rufe ƙofa, an rage fitila.

Ɗakin kamar matattakala yake, kujeru na gangarawa ƙasa. Sanyi kamar cikin firji. Na hango ƙeyar Kumfa a tsakiya. Na taɓa na gabana na ce don Allah a miƙa wa waccan mai ruwan tokar ɗankwali. Gilashin ya bi hannu-hannu har ya kai. Ta karɓa ta saka, ba ta waiwayo ba, ta ɗauka wani ne ya tsinta a ƙofa. Ni kuma na ga in na tashi yanzu kowa zai juyo, sai na lafe a kujerar ƙarshe, na ɗora abin a cinya. Farfesa na zaune a gaba ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. An ce ba ya son na'urorin, wasan yara yake kiransu, amma yakan zo ya gani.

Malamar ta haska labari. Wani mutum ne aka yanke masa ruɓaɓɓen hanji aka haɗa sauran. Ya fara samun sauƙi, har yana zama. Sai zuciyarsa ta riƙa bugu da sauri, ga zazzaɓi, ciki ya ɗan kumbura, amma shi ya ce ba ya jin wani ciwo sosai. Me za a yi? Na ɗaya, a ƙara magani a sa ido. Na biyu, a mayar da shi ɗakin tiyata. Na uku ban ma gane shi ba. Ta ce a danna.

Ka ji ƙit, ƙit, ƙit ko'ina. A gefen bangon akwai wata lamba tana hawa, tana ƙirga waɗanda suka danna cikin na'urorin da aka raba. Ta hau, ta hau, ta tsaya. Malamar ta duba ta ce, "Saura ɗaya." Dokarta ce, ba ta buɗe sanduna sai kowa ya danna.

Lambar ba ta motsa ba. Ta sake cewa, "Saura ɗaya bai danna ba. Muna jira."

Wallahi ban san ni ake jira ba. Ina zaune ina tausayin mutumin da ke bango, ina cewa a raina wane malalaci ne wannan yake ɓata wa mutane lokaci.

Sai Farfesa ya yi magana, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Ai mun san ko wace ce. Ashe har yatsa ma yana in'ina."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Ba kowa ba, na ga waɗanda ke kusa da ita sun sunkuyar da kai, amma dariyar ta isa. Ni kuwa jini ya hau mini ka. A lokacin idona ya sauka kan cinyata, na ga abin yana kallona da 'yar fitilarsa. Na ce innalillahi, ni ne! Na yunƙura zan miƙe, sai na ga wani ya riga ni.

Kumfa ce. Ta tashi tsaye a tsakiyar ɗakin, na'urar a hannuwanta biyu.

Ta ce, "Na... na... na danna." Kalmar ta ja ta, amma ta fito. "Tun kafin a gama karantawa na danna."

Farfesa ya juyo ya dube ta daga sama har ƙasa. Ya ce, "To madalla. Tunda kin tashi, ajiye abin wasan nan, hannu a baya, ki gaya mana me kika danna."

Malamar ta ce, "Farfesa, ba a tambayar mutum abin da ya danna, haka muka..."

Kumfa ta ce, "Zan faɗa. Amma ba... ba zan ajiye ba."

Jama'a, kun ji fa! An ce tunda ake a asibitin nan ba wanda ya taɓa ce wa mutumin nan ba zan yi ba.

Ya ce, "Me kika ce?"

Ta ce, "A ɗakin tiyata ma hannuna ba a baya yake ba, Farfesa."

Ina hango babban yatsanta yana murza gefen na'urar, kamar yadda take juya tiyub a baho. Ta ce na biyu ta danna. Ta ce ɗinkin hanjin ne ya saki, yana yoyo a ciki. Duk Turancin da aka yi tun safe, wannan kaɗai na gane sarai: faci ya ɗaga! Ta ci gaba, tana kawo dalili ɗaya bayan ɗaya, bugun zuciyar, kumburin, da cewa rashin ihun mutum ba shi ne lafiyarsa ba. Kar in yi muku ƙarya, in'inar ba ta tafi ba. Ta yi tuntuɓe, akwai inda ta tsaya har na ji kamar in je in ciro mata kalmar da hannu. Wani ya so ya ƙarasa mata, ta ɗaga masa tafi ta ce, "Bari, tawa ce." Ta ƙarasa abarta.

Kuma ku lura, a lokacin ba a buɗe sanduna ba. Ba ta san ko ita kaɗai ce ba. Ɓuyan da na'urar ta ba ta, ita da kanta ta yar da shi a gaban kowa.

Nan ne na miƙe daga baya, na ɗaga abin sama na ce, "Ranku ya daɗe, ga ɗayan da kuke jira! Ni ne mai in'inar yatsan. Ni yayanta ne, gilashi na kawo, aka cusa mini wannan a ƙofa."

Kowa ya juyo. Kumfa ta dafe goshi ta ce, "Yaya!" Ɗaki ya sake fashewa da dariya, amma wannan karon ba ita ake wa ba. Ni kuwa a yi ta yi, fatata ta saba da rana. Farfesa bai yi dariya ba. Farin giran nan ya haɗe, ya ce, "Wa ya shigo da wannan mutumin?"

Malamar ta buɗe sanduna haka nan. Ta ɗaya ta yi tsawo har tana neman taɓa sama. Ta biyu 'yar guntuwa. Na ce shi ke nan, yarinyar nan ta tashi ta kunyata kanta. Ita kuwa ko gezau, tana tsaye. Malamar ta ce a juya a yi gardama. Ɗaki ya kaure kamar kasuwa, har na layin gaba suna juyowa suna jefo mata tambaya, tana amsawa tana zana ciki a iska da na'urar. Aka ce a sake dannawa. Ma'aikaciyar ƙofa ta taho karɓar tawa, na ce tsaya, ai ni ma yanzu na san amsa. Na danna na biyu da ƙarfi sannan na ba ta.

Sandar biyu ta miƙe ta wuce ta ɗaya. Ba duka suka dawo ba, akwai masu taurin kai, ko'ina akwai su, har a tsakar gidan nan. Malamar ta ce labarin na gaske ne, tsohon aiki ne, kuma da aka buɗe mutumin ɗinkin ne ya saki.

Kuna jira in ce Farfesa ya ba ta haƙuri? Bai ba ta ba. Ya tashi ya gyara farar rigarsa, ya ce, "Danna maɓalli daban, riƙe wuƙa daban. Akwai mai ciwon hanji da za a yi wa aiki. Ke za ki haɗa, ni zan tsaya a kanki. Ki riƙa faɗin duk abin da kike yi da duk abin da kike so a miƙo miki, da ƙarfi, kowa ya ji. In bakinki ya tsaya, na karɓa, kuma kin san inda za ki." Ya fita.

A matattakala ta same ni. Na ɗauka faɗa za ta yi mini. Sai ta ce, "Yaya, wayar da ka ɗaura tana sukar kunnena."

A kwanakin da suka biyo baya kun gan ta ai, a bakin ƙofarmu, da zare da allura da tsohon tiyub da na yanko mata, tana ɗinki tana magana ita kaɗai. "Almakashi. Zare. Riƙe nan. Goge." Mai wanki, kai ne ka tambayi Inna ko karatun ya taɓa mata kai. A nan ne ta gaya mini wani abu da ya sa na kusa faɗowa daga benci. Wai in sun haɗa hanjin can ƙasa, kafin su rufe ciki sai su zuba ruwa, su tura iska, su zuba ido. In kumfa ta taso, akwai yoyo. Na ce, "Ke! Duk wannan karatun, ashe bahona kuka koma?" Ta ce, "Naka ba a wanke shi, Yaya."

Yau ne aikin. Tun safe ban iya taɓa komai ba. Wani mai babur ya kawo taya, na cire na mayar ban yi facin ba, sai da ya dawo yana zagina. Na rufe rumfa na dawo gida na zauna kusa da Inna, waya a tsakaninmu a kan tabarma, ita tana kallonta ni ina kallonta. Rana ta take, ta karkata, shiru. Har na fara shirya abin da zan ce mata in ta shigo da kai a ƙasa.

Ɗazun nan, matar direba na jan bokitinta, wayar ta yi ƙara. Na danna, wannan karon ban sa kowa jira ba.

Na ce, "Kumfa?"

Shiru, sai numfashi. Ina jin ƙarar gadon marasa lafiya ana turawa a bayanta.

"Ya... Ya... Ya..."

Inna ta kama hannuna ta ce, "Me ta ce? Me ta ce?" Na ce, "Inna, bari, tata ce."

Sai na ji ƙit, ƙit, ƙit. Biro ta samu tana dannawa.

Ta ce, "Yaya, na haɗa. Ni na haɗa, tun daga fari har ƙarshe, bai karɓa ba. Jini ya ɗan ɓalle, na kira abin da nake so, aka miƙo. Muka zuba ruwa, muka tura iska. Yaya, babu kumfa. Ko ɗaya."

Na ce, "Mara lafiyan fa?"

"Ya farka. Yana tambayar matarsa."

"Shi kuma mai giran?"

Ta yi dariya, irin ta gaban baho. Ta ce, "Yana cire safar hannu ya ce gobe in zo zagaye da wuri, zango mai zuwa ina ɓangarensa. Ya ce in riƙe duk abin da nake so a hannu, in dai ba wuyansa ba ne."

Na ce, "Ke nan kin zauna?"

Ta ce, "Na zauna, Yaya. Ba Inna wayar."